KAMA DA WANE BA TA WANE

Ya ku 'yan'uwa na Utaibiyya, da Jarwal, da Hindawiyya, da Shari'u Mansur, da Misfala, da duk inda wannan takarda tamu ta isa. Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan, in ba ku labarin wani abu da ya auku a gidana. Na daɗe ina jin nauyin faɗinsa, gama a cikinsa ni ne mai kuskure, dattijo kuwa ba ya son tona kansa a gaban 'ya'ya. Amma kwanan baya na ji an ce an kai wani jariri asibiti jini yana zuba daga inda aka tsaga masa kumburi a gida. Sai na ce, to, shirun nan nawa ya fara zama alhaki.

Ni dai a nan aka haife ni, a shekarar 1951. Kakana ya baro ƙasar Kano da ƙafa bayan yaƙin Burmi na 1903, cikin ayarin waɗanda suka nufo gabas. Ya yi shekaru yana noma a ƙasar Sudan, kana ya ƙetaro bahar daga Sawakin, ya sauka Jidda, ya iso Makka, bai sake komawa ba. Abin da ya zo mana da shi ba dukiya ba ce. Harshe ne, da tuwo, da fura, da al'adu, cikinsu har da zabirar wanzami. Mun tashi mun tarar kowace hara tamu tana da wanzaminta, shi ke askin suna, shi ke cire beli, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, in ƙurji ya nuna shi ke sakiya. Maƙwabtanmu Larabawa kuma suna da nasu mai lalas da wuta, wanda su ke kira kayyu. Ba mu taɓa ganin aibun wannan ba, har yau ma ba na ce duka aibu ne ba.

A watan Rajab na 1440, watau Maris na 2019, Allah ya ba ɗana na uku 'ya mace. Ran suna aka yanka rago, Sarkin Askanmu ya yi mata aski, amma uban ya hana a taɓa mata beli. Na yi fushi, na ce yaran zamani sun raina abin iyaye, sa'an nan na haƙura. Yarinya kuwa kyakkyawa, baƙa mulmul, na ce wannan amaryata ce, Hajiya ta ce ta ji, ta yi kishiya. A cinyarta ta hagu akwai wani ɗan tabo mai duhu, faɗinsa bai wuce riyal na ƙarfe ba. Mata suka ce tawadar Allah ce, kowa ya manta da shi.

Tana da mako biyar sai tabon nan ya tashi. Cikin kwana huɗu cinya ta kumbura ta kusa ninka 'yar'uwarta, ta yi tauri, ta yi zafi, fatar tana ƙyalli kamar an shafa mai, launinta kamar na ɗinya nunanna. Ko zane ya taɓa wurin sai ta tsandara kuka. Uban ya kai ta wani ƙaramin ɗakin likita na kuɗi. Likitan ya duba a tsaitsaye, ya ce ƙurji ne ke tasowa, ya yi mata allura a ɗaya cinyar, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na ruwa, ya ce a dawo bayan mako. Bai ɗebi jini ba. Da suka dawo gida, uwar ta lura inda aka soka allurar ya ɗauki lokaci yana tsattsafo da jini, kashegari kuwa wurin ya yi baƙi kamar an doke ta. Ta faɗa mini. Na ce hannun mai allura ne ke da nauyi.

Kwana uku ana ba da magani, kumburi sai gaba ya ke yi, har ya doshi matsematsi. Mata suka cika gida. Wata ta ce kambun baka ne, don an cika yabon yarinyar ran suna. Wata ta ce uwar ta tsallake wani abu tana da ciki. Wata ta ce laifin belin da ba a cire ba ne, wannan magana kuwa ta yi mini daɗi, gama ta ba ni gaskiya. Aka yi tofi, aka shafa zamzam da man habbatus sauda. Ni kuwa na yanke shawara, na ce likita da bakinsa ya ce ƙurji ne, ƙurji kuwa tun kaka da kakanni maganinsa sakiya, a fid da mugunya a huta. Na aika a kira Sarkin Aska bayan sallar isha'i, ban ko shawarci uban ba, yana wurin aiki.

Surukata, wadda ko arba'in ba ta yi ba, wadda tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, sai ga ta ta fito ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakina. Ta ce, "Baba, don girman Allah a yi mini haƙuri da daren yau kaɗai. Gobe in an kai ta babbar asibiti suka ce ƙurji ne, a yi abin da ka ce." Na ce, "Ke yarinya, 'ya'ya tara na raina, kin fi ni sanin ciwon yara ne?" Ba ta amsa ba, ba ta kuwa tashi ba. Hajiya ta ce, "Malam, a bi a hankali." Na ce ita ma ta yi mini shiru.

Ana nan sai ga Sarkin Aska da zabirarsa, tsoho ne, ya girme ni da kusan shekara goma. Ya wanke hannu, ya karɓi yarinya, ya sa aka matso da fitila. Ya daɗe yana lallatsa kumburin da 'yan yatsu biyu, ya kewaye shi kaf. Sa'an nan ya buɗe bakinta, ya duba dasashi da ganɗa, ya ja fatar idonta ƙasa, ya juya tafin ƙafarta. Sai na ga ya mai da zabira ya ɗaure. Ya ce, "Malam, shekara hamsin ina wannan sana'a. Ƙurji yana da ido, in ya nuna ya kan yi laushi a tsakiya, ka ji ruwa yana motsi ƙarƙashin yatsa. Wannan kuwa kamar itace ya ke, ba shi da ido, ba shi da iyaka. Ga kuma ɗigo-ɗigo na jini a bakinta. Kama da wane ba ta wane. Askata ba ta taɓa wannan yarinya, ko za ka ba ni gidan nan. Ku tafi asibiti yanzu, kada ku jira safiya."

Ka ji inda Allah ya kuɓutar da ni. Mutumin da na kira ya yi yankan, shi ya hana.

Kafin sha biyun dare muna babbar asibitin yara. Aka ɗebi jini, ba a yi sa'a guda ba sai na ga ma'aikata sun fara sauri. Wata daktura, wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta kira mu gefe. Ta ce, "Ya ammi, akwai wanda ya yanke ta, ko ya yi mata ƙaho ko wuta?" Na ce babu. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sa'an nan ta zauna ta yi mana bayani, ni kuwa zan maimaita muku shi yadda na fahimta, da abin da na ƙaru da shi daga baya cikin shekara biyu da na yi ina zaman benci a asibitoci.

A cikin jinin mutum akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, Larabawa na ce da su safa'ih, ni kuwa na sa musu suna 'yan toshiya, gama aikinsu ke nan. In jijiya ta huje su ne ke rugawa su manne a bakin hujin, jini ya daskare, ya tsaya. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000 a cikin ɗigon da bai kai kan allura ba. Na amaryata a daren nan 11,000 ne. Akwai kuma wani sinadari mai kama da zare, wanda ke saƙa daskararren jini ya riƙe, shi ma ya kusa ƙarewa a jikinta. Daktura ta ce da an soka wa cinyar nan ƙarfe, da wuya a iya tsai da jinin kafin a iso da ita.

To, ina 'yan toshiyar suka tafi? Suna cikin kumburin. Abin da mu ke kira ƙurji ashe ƙari ne na jijiyoyin jini. Jijiyoyi ne ƙanana, karkatattu, masu ƙunci, suka tsiro a cunkushe, suka kutsa cikin fata da kitse da tsoka kamar saiwar kirya. Jini in ya shiga cikinsu sai 'yan toshiya su maƙale, su tattaru, su daskare a can, kamar yadda komar masunci ke tare kifi. Ƙari ya yi ta ƙoshi yana kumbura, sauran jiki kuwa ya rasa abin tsai da jini. Shi ya sa wurin allura ya yi baƙi, shi ya sa ɗigon nan a bakinta. Babban abin tsoro shi ne jini ya ɓalle a ciki, a ƙwaƙwalwa ko a hanji, inda ido ba ya gani.

Bayan kwana biyu aka ɗauke mu zuwa Jidda, wurin likitocin jini da ƙari na yara. Aka yi mata hoton sauti, irin wanda a ke yi wa masu ciki, kana aka sa ta cikin na'urar nan mai maganaɗisu da a ke kira ranin. Hoto ya nuna ƙarin ba shi da ganuwa, ya ratsa tsoka. Likitoci suka ce alamun sun isa, ba sai an yanki tsoka an duba ba, gama yankan kansa hatsari ne a wannan hali. Ga waɗansu yara kuwa, in an yi shakka kuma jini ya yarda, a kan ɗebi ɗan ƙanƙane a duba a madubin likita. Suka faɗa mana sunan cutar, suna mai tsawo kamar hanyar Sawakin: kafosifom himanjiyo-endoteliyoma. Na sa ɗana ya rubuta mini da ajami, na yi mako ina haddace shi.

Da na ji kalmar ƙari sai gabana ya faɗi, na ce sankara ce. Suka ce tsakiya ta ke. Ba ta tashi daga cinya ta tafi huhu ko hanta yadda sankara ke yi, amma tana cin abin da ke kewaye da ita, ba kuwa ta tafiya don kanta. Ba gado ba ce, ba a ɗaukarta, ba abin da uwa ta ci ko ta tsallake ne ya kawo ta ba. Wani ɗan'uwa mai ɗan karatu ya ji sunan ya fara raɗa cewa irin ciwon masu ƙanjamau ne. Ƙarya ce. An ba ta sunan ne don a madubi tana kama da wani ƙari da likita Moritz Kaposi na Biyana ya bayyana a 1872, kama kawai, ba dangantaka. Nan ma kama da wane ba ta wane. Cutar kuwa ba ta da yawa ko kaɗan, ba ta kai yaro ɗaya cikin 100,000 ba, likita na iya tsufa bai taɓa ganinta ba. Cikin yara goma masu ita, wajen bakwai su kan sami wannan cinye 'yan toshiya.

Kada mu ga laifin kanmu da yawa, gama su ma likitocin duniya sun daɗe cikin ruɗu. A 1940 waɗansu likitoci biyu a Niyok ta Amurka, Haig Kasabach da Katharine Merritt, suka rubuta labarin wani jariri mai kumburi a cinya da jini mara tsayawa, har yau da sunansu a ke kiran wannan hali. Amma fiye da shekara hamsin ana ɗauka cewa jan tabon nan na jarirai da kowa ya sani ne ke rikiɗa ya zama haka. Sai a 1993 aka ware wannan ƙari aka ba shi sunansa, a 1997 kuma likitocin Faris da na Boston, kowa da nasa binciken, suka tabbatar cewa jan tabo na kullum ba ya cinye 'yan toshiya. Cuta biyu ce dabam, maganinsu ma dabam.

Bari in tsaya kan jan tabon nan na kullum, don kada in tsorata iyaye a banza. Sunansa himanjiyoma, yana samun jarirai huɗu ko biyar cikin 100, ya fi kama mata da bakwaini. Ya kan fito cikin makonnin farko, mai laushi, ba zafi, ya yi girma 'yan watanni, sa'an nan ya dinga bajewa da kansa cikin shekaru. Yawancinsu ba sa bukatar komai sai ido. Wanda a ke gaggawa da shi shi ne na kusa da ido, ko hanci, ko leɓe, ko haɓa da wuya, ko wanda ya fashe ya zama gyambo, ko in sun kai biyar a jiki. Maganinsa ma da ikon Allah aka gano shi. A 2008, a birnin Bodo na Faransa, wata likita mai suna Christine Léauté-Labrèze ta ba da labarin yadda aka ba wani jariri furofuranolol, maganin zuciya da hawan jini, saboda zuciyarsa, sai ta ga tabon fuskarsa yana yamushewa. Tun daga nan ya zama maganin farko ga wannan tabo. Amma ga irin na amaryata ba a dogara da shi.

Na tambayi likita, na ce tun da 'yan toshiya suka ƙare, me zai hana a ƙara mata? Ga ni, ga 'ya'yana, ga samarin hara sun cika mota sun zo ba da jini. Ya yi murmushi ya ce, "Ya ammi, in ka ga kura a cikin garke, ƙara mata awaki za ka yi?" Duk wanda aka zuba, ƙarin ne zai kama, ya ƙara kumbura, ya ƙara zafi. Ba a ba da su sai in jini ya ɓalle ko za a yi aikin da ba makawa. Abin da suka ƙara mata shi ne sinadarin nan mai kama da zare, da jan jini sau ɗaya da ta yi fari. Yanka ma ba ya yiwuwa, gama ƙari mara iyaka ba a iya ɗebe shi sai da tsokar cinyar. Dabara ita ce a kashe wa kurar yunwa.

Magani biyu suka haɗa mata. Na farko kotizon, na 'yan makonni, don ya kwantar da abin da sauri. Na biyu shi ne sirolimas, labarinsa kuwa ya isa wa'azi. A tsakiyar tekun Fasifik akwai wani tsibiri, Rapa Nui, wanda Turawa ke kira Tsibirin Ista, nisansa da gaɓar ƙasar Cile wajen kilomita 3,500. A 1964 waɗansu masana daga Kanada suka je can suka ɗebo ƙasa. A 1972 wani masani haifaffen ƙasar Hindu, Surendra Sehgal, yana aiki a Montiriyal, ya fid da wannan sinadari daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar. A 1999 Amurka ta yarda a ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, don kada jikinsu ya ƙi ta. Sai wajen 2010 da 2011 likitocin yara suka fara ba da labarin cewa yana hana irin waɗannan jijiyoyi tsiro, a 2016 kuma aka fid da sakamakon babban gwaji da aka yi a Sinsinati da Boston. A 2022 likitocin ƙasar Sin suka nuna cewa haɗa shi da kotizon ya fi ba da shi shi kaɗai ga yaran da jininsu ya lalace. Kafin wannan, abin da a ke da shi shi ne kotizon da binkiristin, maganin sankara da a ke sa wa ta jijiya, wanda a ke samu daga furen winka na Madagaska, irin wanda a ke shukawa a bakin titunanmu. Har yau ana amfani da shi, amma kada wani ya ji haka ya tsinko ya dafa, dafi ne. A da, cikin yara goma da jininsu ya lalace haka a kan rasa ɗaya zuwa uku. Dubi ikon Allah: ƙasar wani tsibiri da kakana bai taɓa jin sunansa ba, ita aka ajiye ta zama maganin jikar jikansa a Makka.

Kwana tara da fara magani 'yan toshiya suka haura 50,000, kafin wata guda suka wuce 150,000. Cinya ta fara laushi, fatar ta yi tamoji, yarinya ta yi barci na farko ba kuka. Amma fa ba a nan aikin ya ƙare ba. Sirolimas ruwa ne, a firji a ke ajiye shi, a auna da sirinji a ɗiga a baki safe da dare, a kan lokaci kamar salla. A kan ɗebi jini a kai a kai a ga ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Yana raunana garkuwar jiki, saboda haka aka haɗa mata da wani magani mai tsare huhu, aka dakatar da alluran rigakafi masu rayayyar ƙwaya sai da izinin likita, aka ce in ta yi zazzaɓi ko da tsakar dare ne a kawo ta. Ta yi fama da gyambon baki sau biyu. Da annobar korona ta zo a 2020, aka hana fita a Makka dare da rana a watan Afrilu, na yi wata uku ina hangen amaryata ta taga, ban ɗauke ta ba. Surukata ce ta riƙe wannan duka, da ɗan littafinta na rubuta awo da lokaci. Bayan shekara biyu aka janye maganin sannu sannu. Yau tana makarantar firamare, tana gudu, tana tsalle. Cinyar ta fi ɗayar ɗan kauri, akwai tabo mai duhu da ɗan tauri, wani lokaci ta ce yana mata ciwo. Ana duba ta kowace shekara, gama irin wannan ƙari ya kan kwanta ne, yana kuwa iya motsawa.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini nauyi. A daren farko, sa'ad da daktura ke bayanin jini mara tsayawa, sai na ji ƙafafuna sun kasa ɗaukata, na zauna a ƙasa. Na tuna 1959, ina ɗan shekara takwas, muna zaune a Jarwal kusa da rijiyar Zi Ɗuwa. Innata ta haifi ɗa namiji, yana da wata biyu kafaɗarsa ta kumbura ta yi baƙi. Aka yi masa sakiya da hantsi. Mugunya ba ta fito ba, sai jini. Aka sa toka, aka sa gari, aka ɗaure da tsumma, tsumma ya jiƙe, aka sake wani. Ni aka aika in ɗebo ruwa, ina dawowa ina ganin ƙwarya ta yi ja. Kafin la'asar ya cika, aka kai shi Ma'ala. Asibiti kuwa ba wanda ya yi tunaninta. Innata ta rayu shekara talatin bayan haka tana cewa wata maƙwabciya ce ta kama mata ɗa, ba ta sake yi wa matar nan magana ba har suka mutu. Ban ce lalle cutar ɗaya ce ba, Allah ne masani. Amma na ga kafaɗar nan da idona, na ga cinyar nan da idona. Shekara sittin tsakani, ni da na ɗebo ruwan wanke jinin ƙanena, ni ne na aika a kira aska. Rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka ga roƙona gare ku, kaɗan ne. Na ɗaya, jariri in ya sami kumburi mai tauri, mai zafi, mai ƙyalli, mai saurin girma, kada a tsaga, kada a yi ƙaho, kada a sa wuta, kada a murza, kada a yi masa kaciya ko cire beli, sai an auna jininsa. Awon nan ba ya cin sa'a guda, sunansa suratud dam, ku roƙe shi da bakinku in likita bai ambata ba. Na biyu, ku sani hotunan littattafan likita yawancinsu na fararen yara ne, a jikinsu abin ja ne ko shuɗi. A fatar 'ya'yanmu duhu kawai ya kan yi, ɗigon jini kuwa ba ya nunawa. Ku duba inda Sarkin Aska ya duba: dasashi, da ganɗa, da cikin fatar ido, da tafin hannu da na ƙafa. In wurin allura ko cibiya ya ƙi daina jini, ku faɗa da ƙarfi. Mai shakka ya buga 937, layin ma'aikatar lafiya, in kuwa jini na zuba ya kira motar Hilal Ahmar a 997.

Na uku, na san abin da ke hana da yawa daga cikinmu zuwa asibiti ba jahilci ba ne, rashin kuɗi ne, ko takardar zama da ta mutu, ko tsoron tambaya. Wannan ba a magance shi da wa'azi. Ina ba da shawara dattawan kowace hara su buɗe asusu na jarirai, kowane gida riyal goma a wata, a kuma sami mutum biyu masu mota da masu jin Larabcin ofis waɗanda za a iya tasa da dare. Ni na fara, na ba limaminmu nawa na shekara. Na huɗu, ga wanzamanmu: girman sana'arku ba a kaifin aska ya ke ba, a sanin inda ba a sa ta ya ke. Sarkin Askanmu ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa, ya sa hannun nan da ya ɗaure zabira ya zama shaida gare shi ran gobe.

Na ƙarshe kuwa ga 'yan'uwana tsofaffi. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Gaskiya ne, amma uwa da ke riƙe da ɗa dare da rana tana ganin abin da babba bai gani ba daga kan buzunsa. Ran da aka sallamo su daga Jidda na tara gidana, na ce wa surukata a gaban kowa, "'Yata, ki yafe mini." Ta rufe fuska da mayafi tana kuka, ta ce, "Baba, ba ka yi mini komai ba." Na ce na yi, Allah ne ya tsare.

Addu'a ba mu bar ta ba, zamzam ba mu bar shi ba, amma wanda ya saukar da cuta shi ya ajiye maganinta, ya kuwa umurce mu da nema. Allah ya raya mana zuriyarmu, ya jiƙan iyayenmu da suka taka sahara don su kawo mu maƙwabtaka da Ɗakinsa, ya ba marasa lafiya lafiya. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman mata masu jego da ungozomomi. Haza wassalam.

Naku,
Wani dattijo na Utaibiyya